Amanar Mai Kawo Labarin Kasuwa

Wanda ya fita daga birnin Kano ya bi hanyar Katsina ta wajen Dawanau da Bichi, ko ya bi ta Daura ta wajen Ɗambatta, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, ba abin da ya raba su sai jerin gamba ko na lalle, ga itatuwan gawo da ɗorawa da kuka tsaye a tsakani, kowanne da mai shi. Mutane sun yi yawa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Saboda haka ba a barin gona ta huta. Kowace shekara sai an nome ta, a haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa wuri guda, a ciyar da ita da takin awaki da tokar gida. Tun zamanin kakanni jakuna ke kai itace birni, su komo da taki cikin mangala.

Manomin da ke zaune a irin wannan ƙasa ba shi da sararin yin kuskure. Mai babbar gona in ya gwada sabon iri a gefe guda ya ƙi, ya ci daga ɗaya gefen. Mai 'yar gona kuwa in ya gwada ya ƙi, to, shekara ta tafi, sai bashi ko cin rani. Ga shi kuma abin da yake nomawa na sayarwa, ba a ƙofar gidansa ake yanka masa farashi ba. Ana yankawa a Dawanau, da Ikko, da wasu biranen ƙetare waɗanda bai taɓa takawa ba. Kayan aikin da ake kawo masa, wani ne ya ƙera su a wata ƙasa. Don haka tilas ya dogara ga wanda zai gaya masa abin da idonsa bai gani ba. A zamanin nan mai wannan aiki shi ne ɗan jaridar da ke ba da labarin ciniki da na sababbin na'urori. Abin tambaya shi ne, mene ne hakkin manomi a wuyan wannan mutum? In bai faɗi ƙarya ba, ya sauke nauyi ke nan?

Kafin a yi jarida, labarin kasuwa a bakin fatake yake. Madugu ya sauka daga Gwanja ko daga Agadas, mai masauki da dillali su ne farkon masu jin yadda goro da gishiri da kanwa suke a can. Tun a wancan zamani an gane cewa sanin farashi dukiya ne, kuma ana iya sace shi kamar yadda ake sace akuya. Shi ya sa littattafan fiƙihu suka hana mutum ya fita bayan gari ya tare masu kawo kaya, ya saye kafin su shiga kasuwa su ji yadda ake ciki. Suka kuma hana mutum ya yi ta ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, don kawai ya ruɗi mai saye na gaskiya. A duka biyun ba a ƙwaci kome da ƙarfi ba, an yi ciniki, an ce albarka. Laifin shi ne an ci amfanin rashin sanin wani. Ashe ke nan ana iya zaluntar mutum da labari, ko da wanda aka ɓoye masa, ko da wanda aka ƙaga masa.

Tarihin gyaɗa ya nuna ƙarfin labari a wannan ƙasa. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun sa rai auduga za su samu domin masaƙun Ingila. Amma manyan fataken Kano, waɗanda suka goge a cinikin goro, suka ji abin da kamfanoni ke biya a kan gyaɗa, suka watsa yaransu ƙauyuka da wannan labari. Manoma suka yi lissafinsu, suka ga gyaɗa ta fi, gama in ba ta sayu ba a ci ta, harawarta kuma dabbobi su ci. A 1912 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan 3,000 ba, a 1913 ta haura tan 19,000. Daga nan ne aka kai ga dalar gyaɗa, da attajirai irin su Alhasan Ɗantata wanda ya rasu a 1955. Ba wanda ya koya wa manomin Bichi lissafin riba da faɗuwa. Da hankalinsa. Abin da yake nema shi ne labari ingantacce wanda zai ɗora hankalin a kansa.

Aikin jarida da Hausa ya kafu sosai a watan Janairu na 1939, sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Editanta shi ne Malam Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, kana ya riƙe jaridar fiye da shekara 10. A 1943 yana cikin 'yan jaridun Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila. Ya rasu a 1981. A zamaninsa ba a rarraba aikin ba, edita guda shi ke da labarin yaƙi, da na sarauta, da na gona, da na kasuwa. Sunan jaridar ma ya isa abin tunani, domin ya ɗora gaskiya da kuɗi a kan ma'auni ɗaya, ya faɗi wanda ya rinjaya. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan jaridu na larduna, ta Kano ita ce Sodangi. Rediyo ya biyo baya, Sashen Hausa na BBC a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962. Sannu a hankali labarin ciniki ya zama sana'a mai zaman kanta, har a 2001 aka kafa jaridar BusinessDay a Ikko domin shi kaɗai.

To, a duba wani al'amari na wancan zamani, domin shi ya fi fito da tambayar a fili. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 aikinta ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Kowace kaka hukuma ce ke yanka farashin da za a biya manomi, ita kaɗai kuma ke da ikon sayarwa ƙetare. A yawancin shekaru abin da take biya bai kai abin da take samu a kasuwar duniya ba. Rarar ana cewa ajiya ce domin shekarar da farashi ya faɗi, ana kuma yin ayyukan ƙasa da ita. Ba a rushe irin waɗannan hukumomi ba sai a 1986.

A ce ga 'yan jarida biyu a wannan hali. Na farko ya buga cewa bana hukuma za ta sayi tan na gyaɗa fam kaza, ya tsaya nan. Na biyu ya buga haka, ya ƙara da abin da ake sayar da tan ɗin a Ingila, da kuɗin jirgi da na dako, da abin da ya rage a hannun hukuma, da inda aka ce za a kai shi. Babu maƙaryaci a cikinsu. Amma wanda ya karanta na farko ya san abin da za a ba shi kaɗai, wanda ya karanta na biyu ya san abin da aka karɓa daga gare shi. Mai yiwuwa ne in ya sani ya yarda, ya ce hanya da makaranta sun cancanci haka. Mai yiwuwa ne kuma ya ƙi. Ko wanne ya zaɓa, da saninsa ya zaɓa. Na farko ya yi abin da mai auna hatsi kan yi in ya dunƙule gindin kwano. Kwanon a cike yake, har da tozo, amma awon bai cika ba. Rabin gaskiya ma tauye mudu ne.

Yanzu a bi sawun mai wannan sana'a daga farkonta. Yaro ne ya gama makaranta, aka ɗauke shi a gidan jarida ko na rediyo, aka tura shi kasuwar Dawanau, wadda tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Nan zai koyi cewa farashin da dillali ya faɗa da safe ba shi ne wanda aka sallama da la'asar ba, kuma buhun da bisa al'ada ake cewa kwano 40 ne, wani ya fi wani. Zai koyi cewa wake na araha da kaka, ya yi tsada da bazara, kuma mai sayarwa da kaka yawanci matsuwa ce ta sa shi. A wannan mataki ƙafarsa na cikin ƙura, abokan hirarsa 'yan dako ne da masu awo. Kuskurensa na rashin sani ne, kuma yana gyaruwa.

In ya yi shekaru sunansa ya fito, sai aikin ya sake kama. Ba shi ke neman labari ba, labari ke nemansa. Kamfanin taki ya kira shi taro a babban masauki, banki ya aiko masa da takarda a rubuce sai dai ya sa sunansa, mai sayar da injin ban ruwa ya ɗauke shi a mota ya kai shi gonar gwaji wadda ta sha taki da ruwa fiye da kowace gona a ƙasar. In an tashi a miƙa masa ambulan, a ce na goro ne ko na mota. Ba wanda zai ce masa ya rubuta ƙarya. Ba a bukatar a ce. Hausawa sun riga sun faɗa, in baki ya ci, ido ya ji kunya. Ranar da takin kamfanin nan ya zo gauraye da yashi, alƙalaminsa zai yi nauyi.

Adalci ne a faɗi uzurinsa. Da yawa daga cikinsu albashinsu kaɗan ne, wani lokaci ma a yi watanni ba a biya ba, ga iyali, ga haya. Gidan jaridar kansa da kuɗin talla yake rayuwa, masu ba da tallan kuwa su ne waɗanda ake ba da labarinsu. Wannan uzuri yana rage zargi a kan mutum guda, ya raba shi da masu gidan da suka bar shi da yunwa. Amma ba ya mayar wa manomi hatsinsa. Talla ba haram ba ce, dillanci ma sana'a ce mai mutunci. Kowa ya san dillali la'ada yake nema, saboda haka akan saurare shi da kunne ɗaya. Ɓarnar tana zuwa ne in dillali ya sa rigar mai ba da shaida. Abin da ake nema ga ɗan jarida a nan ba shi da wuyar faɗi: abin da aka biya a buga, a rubuta a kansa cewa talla ce, abin da ya kira labari kuwa ya zama ba wanda ya saye shi.

Akwai wata jarraba wadda ba ta kuɗi ba, ita ce son sabon abu. Mai ba da labarin na'urori yakan ƙaunaci na'ura don kanta, ya manta da wanda zai yi aiki da ita. Tun wajen ƙarshen shekarun 1920 Ma'aikatar Gona ta fara yaɗa garmar shanu, En'e tana ba da rancen bijimai da garma. Abu ne mai amfani ƙwarai ga mai faɗin gona da wurin kiwo. Amma a ƙasar da gonaki suke ƙanana, ba burtali ba makiyaya, tambayar farko ita ce me bijimai biyu za su ci daga kaka zuwa damina. Wanda ya yabi garma bai yi wannan tambaya ba, garma ya yi wa aiki, bai yi wa manomi ba. Haka yake ga tarakta, da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, da kowane sabon iri. Nawa ne kuɗinsa? In ya lalace wa zai gyara, a wane gari? In damina ta yi gardama, kamar yadda ta yi a 1973, ko cuta ta faɗo, kamar kuturtar gyaɗa da ta cinye amfanin 1975, wa zai biya rancen?

Ajiyar wake ta nuna fuska biyu na wannan aiki. Ƙwari kan cinye wake a rumbu cikin 'yan watanni, shi ya sa manomi ke gaggawar sayarwa da kaka. Wasu suka shiga zuba masa maganin ƙwari irin fiya-fiya, wanda guba ne ga mai ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan wannan magani a jikinsa. Alhali kuwa tun 2007 aka fara yaɗa wani buhu mai ruɓi uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da masanan Afirka, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ba magani a cikinsa. In an ɗaure kowane ruɓi tam, iska ta ƙare, ƙwarin su mutu. Ɗan jarida nagari zai bayyana dalilin, domin wanda ya gane cewa rashin iska ne maganin, shi da kansa zai san cewa huda ɗaya ta ɓata aikin, kuma ba a zuba wake sai ya bushe sarai, ba a kuma ajiye buhun inda ɓera zai kai gare shi. Wanda aka ce masa kawai buhun mamaki ne, ranar da ya ɓaci zai ce yaudara ce, ya koma ga guba.

Wani zai ce, ai ɗan jarida ɗan aike ne, abin da aka faɗa ya kawo, in ƙarya ce laifin mai faɗi ne. Wannan magana tana da kamar gaskiya, amma ba ta tsaya ba. Ɗan aike an san wanda ya aiko shi. Ɗan jarida kuwa mutane sun ɗauka su suka aike shi, ya je ya gano musu. Da wannan yarda yake cin abinci. A 2016 wani shiri mai suna MMM ya yaɗu a Nijeriya ta intanet, yana alkawarin ribar 30 cikin 100 a wata guda. A watan Disamba na shekarar ya rufe asusun mutane, dukiya mai yawa ta salwanta. Duk wanda ya san ciniki ya san babu halattacciyar sana'a mai haihuwa haka kowane wata, kuɗin na baya ne ake biyan na gaba da su. Mai labarin ciniki da ya kawo alkawarin bai kawo wannan bayani ba, ba zai ce shi ɗan aike ne kawai ba, gama saninsa ne dalilin da ya sa aka ba shi aikin.

Wani kuma zai ce, in ɗan jarida ya cika bincike da kawo aibi, zai kashe wa mutane gwiwa, su ƙi kowane sabon abu, ƙasa ta zauna a baya. Wannan ma abin dubawa ne, domin akwai mai ganin gwaninta ce ya kushe kome, shi ma ya tauye mudu ta ɗaya gefen. Amma a lura da abin da ke sa manomi ya ƙi sabon abu. Yawanci tsohuwar yaudara ce. Wanda aka taɓa sayar wa iri marar tsiro, ko malamin gona na gaskiya ya zo ba zai saurare shi ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka mai faɗin amfani da aibi tare shi ne abokin ci gaba, gama shi ke tsare yardar da za a bukata gobe.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, manomi a Ɗambatta na iya jin farashin Dawanau kafin ya ɗaura wa jaki kaya. Taren fatake a bayan gari ya yi wuya. Sai dai wayar da ke kawo farashi ita ke kawo jita-jita, da hoton maganin da ba a gwada ba, da saƙon ɗan damfara mai neman lambar asusu. A da labari ne ya yi ƙaranci, yanzu ya yi yawa har ƙaiƙayi ya rufe tsaba. Aikin ɗan jarida ya koma sheƙa da rairaya. Gaggawa ita ce abokiyar gabarsa, domin kowa na so ya riga kowa. Amma labarin ƙarya cewa za a rufe iyaka, ko za a shigo da hatsi daga waje, yana iya sa mutane su zubar da amfaninsu da araha cikin kasuwa biyu, kuma gyaran da za a buga bayan mako guda ba zai komo da buhu ko ɗaya ba.

Amsar tambayar ke nan. Barin ƙarya shi ne farkon hakki, ba ƙarshensa ba. Hakkin manomi a wuyan mai labarin kasuwa shi ne ya ba shi awo cikakke: abin da aka faɗa da wanda ya faɗa, abin da mai faɗin zai samu, abin da ɗan jaridar ya gani da idonsa da abin da ji kawai ya yi, da kuma abin da zai faru ga mai ƙaramin ƙarfi in al'amarin bai tafi daidai ba. Ma'aunin da zai gwada kansa da shi guda ne. In da gonar mahaifinsa ce, kadada guda tak, da wannan labarin zai aika gida yadda ya rubuta shi?

Mai karatu ma yana da nasa rabo. Wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci, ya zama shi ke karanta wa jama'a takarda a dandali, ko ya duba musu saƙo a waya, to, a unguwarsu shi ne ɗan jarida, amanar nan ta hau kansa. Kada ya ɗauka duk abin da aka buga gaskiya ne, gama inji ba ya tantance abin da aka ba shi. Ya duba ko labari ne ko talla. Ya tambayi wa ya faɗa, me kuma zai ci. In sabon iri ne ko sabon taki, a gwada a kunya biyu ko uku tukuna, a ga yadda ya yi a ƙasar wurin, gama gani ya kori ji. In ya karanta wa mutane, ya karanta duka, da mai daɗi da marar daɗi, ya kuma raba abin da takarda ta ce da abin da shi yake zato. Wanda ya riƙe wannan, maƙwabtansa za su riƙa kawo masa takardunsu shekara da shekaru, karatun da ya sha wahalar koyo kuma ya amfani gari duka.